Takardar haihuwa da zaman ƴan mata a lakwal: inda aiki ya kai a Gidan Rumji da Madarunfa

7 Oktoba 2024

Aikin na ƙauyuka takwas ne, biyar a gundumar Gidan Rumji, uku a ta Madarunfa. Ba za a ambaci sunan ko ɗaya a wannan rajista ba, haruffa ne za su tsaya musu, daga A zuwa H. Ƙafa uku gare shi kamar murhu: bincike gida-gida, zama da masu iko, da wasan kwaikwayo a dandali. Abin da ake nema shi ne kowace yarinya mai shekara 10 zuwa 15 ta mallaki takardar haihuwa, don ranar da aka tashi cire ta daga lakwal a samu abin kafa hujja.

Dalilin farawa da takarda ke nan. Dokar farar hula ta Nijar ta sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji, amma auren ƙauye ba ya bi ta wannan doka, bisa al'ada da addini ake ɗaura shi, kuma kotuna ma al'ada suke bi a maganar aure da saki da gado. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna 76 cikin ɗari na matan ƙasar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, a jahar Maraɗi kuwa 89 ne. Abin riƙewa mafi kusa shi ne ƙudurin 5 ga Disamba 2017 na kare ƴa mace da ke karatu. Bai tsaida shekarun aure ba, amma ya ɗora wa hukuma nauyin riƙe yarinya a lakwal har shekara 16. To, wa ya san ta kai 16 ko ba ta kai ba? Uba zai ce ta girma, mushe, wato malamin lakwal, zai ce ba ta girma ba, kowa da idonsa yake awo. In babu takarda, gardama ce kawai, kuma mai gida ne ke cin ta.

Ma'aikata: masu tambaya shida, mata huɗu maza biyu, ƴan wasa bakwai, da mutum ɗaya da ya san aikin ofishin rajistar haihuwa ciki da waje.

28 Oktoba 2024

Yau aka koma lakwal, bayan ɗagewar da ambaliyar daminar bana ta jawo. Ga wannan aiki ambaliyar ta ƙara wani ɓangare: a gidajen da suka rushe, takardun da ke cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa sun jiƙe sun manne. Don haka an ƙara tambaya: "An taɓa yi mata takarda ta ɓace ko ta lalace?" Bambancin yana da girma. Wadda aka taɓa yi wa, kwafi kawai za a nema a rajistan meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, inda aka rubuta ta. Wadda ba a taɓa yi wa ba, sai ta bi ta gaban alƙali. Yin sabuwar takarda ga mai tsohuwa kuskure ne da ke haifar da yarinya ɗaya mai ranar haihuwa biyu.

An gwada takardar tambayoyi a gida 15 cikin wata unguwa ta gefen birni. Tambaya 34 ta yi yawa, ana cin minti 50, matar gida kuwa tana da daka da ɗiban ruwa. An rage zuwa 19, minti 20. An kuma sauya tambayar farko. In aka ce "Tana da takardar haihuwa?" kusan kowa cewa yake e, don katin awo na asibiti ma takarda ce a wurinsu. Yanzu cewa ake "Don Allah a ɗauko mu gani", mai tambaya ya duba da idonsa ya zaɓi ɗaya cikin huɗu: takardar meri mai hatimi, hukuncin alƙali, guntuwar takardar sanarwar haihuwa, ko katin asibiti.

11 Nuwamba 2024

Sati biyu aka yi kan abu guda, gano shekarun yarinyar da ba ta da komai a rubuce. Uwa ba ta ƙirga da shekarar Nasara, amma ba ta manta abin da ake ciki lokacin da ta haihu. Sai aka haɗa jadawalin abubuwan da kowa ke tunawa. Ƴan matan da ake nema haihuwar 2009 zuwa 2014 ne, kuma farkon wannan tsakani cike yake da alamu: ƙuri'ar tazarce ta 4 ga Agusta 2009, juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 da ya kau da Tandja Mamadou, ƙarancin abincin 2010, rantsar da Mahamadou Issoufou cikin Afrilu 2011, da ƙidayar jama'a ta Disamba 2012. A kan waɗannan kowane ƙauye ya ɗora nasa a zama da tsofaffi: shekarar da aka naɗa mai gari, shekarar da aka haƙa famfo, shekarar da gulbi ya ci gonakin fadama. Na ƙauye sun fi na ƙasa aiki wajen mata, nesa ba kusa ba.

Bayan shekara sai wata. Ana tambayar damina ce, kaka, ɗari ko bazara, sannan a gwada da watan Musulunci. Azumin 2010 cikin Agusta ya kama, na 2011 a farkon Agusta, na 2012 a ƙarshen Yuli, duk cikin damina. In uwa ta ce ta haihu da azumi ana tsananin ɗari a waɗannan shekaru, akwai ruɗani a wani wuri, sai a sake bi a hankali. Hanya ta uku ita ce sa'anni: "Wa aka yi wa suna kusa da nata?" In sa'ar tana da takarda, an samu ma'auni. Ta huɗu jerin haihuwa, wa take bi, wa ke bi mata, da waɗanda suka rasu a tsakani. Wannan tambaya ce mai taɓa zuciya, mace ce kawai ke yin ta, kuma ba a gaban kishiya ba.

Kurakurai biyu sun fito. Na farko, akwai masu haɗa yunwar 2005 da ta 2010, shekara biyar ke nan a tsakani, wadda za ta mai da ƴar 14 ta zama ƴar 19. Maganinsa a tambayi wa ke mulki a lokacin, farar hula ko soja. Na biyu daga masu tambaya ne: suna kallon jikin yarinya su yanke. An hana. Yarinyar da ta tashi cikin ƙarancin abinci tana iya kai 15 da jikin ƴar 11, wata kuma ta yi saurin girma, kuma ainihin wannan awon na ido shi ne abin da ake son takarda ta maye.

Ba a rubuta shekara sai hanyoyi biyu cikin huɗu sun yi daidai.

25 Nuwamba 2024

An kammala ƙauyuka A zuwa D. An tsaurara ƙa'idojin tsare bayanai kafin shiga na bakin iyaka, inda satar shanu da garkuwa da mutane suka sa kowa ke tsoron mai rubutu. Tun 2019 da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara kwararowa, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari nesa da iyaka, duk baƙon da ya tambayi abin da gida ya mallaka ana yi masa kallon mai kai wa ɓarayi rahoto. Suna da gaskiya. Saboda haka:

An cire duk tambayar da ta shafi dabbobi, hatsi ko kuɗin da ɗan ci-rani ke aikowa. An kashe ɗaukar wurin da gida yake a wayoyin aiki. Amsoshi na shiga KoboCollect, manhajar tattara bayanai da ke cikin wayoyin, da lamba kawai, sunaye kuwa suna cikin littafi guda da ke kulle a birni, ba ya kwana a ƙauye. Izini da baki ake karɓa, a gaban shaida ɗaya, don dangwala yatsa a takarda na tsorata mutane fiye da yadda yake kare su. Ba hoto, ba ɗaukar murya. Ana shiga gari bayan ƙarfe 9 na safe, a fito kafin la'asar, kuma mai gari kaɗai ke sanin ranar, jajibiri.

Ƴaƴan ƴan gudun hijira da aka haifa a ƙasar Nijar suna da haƙƙin rajista a nan kamar kowa. Sashe na 7 na yarjejeniyar haƙƙin yara, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, bai ware ɗan ƙasa da baƙo ba. Sai dai dole a faɗa wa iyaye gaskiya cewa takardar haihuwa shaidar wuri da rana da iyaye ce, ba ita ce takardar zama ɗan ƙasa ba. Waɗanda aka haifa can hayin iyaka, alƙalin nan ba shi da hurumin tabbatar da haihuwarsu, an ware sunayensu don miƙa wa masu kula da ƴan gudun hijira.

9 Disamba 2024

Bincike ya ƙare a duk ƙauyukan takwas. Zaton farko shi ne iyaye ne ba su damu ba. Abin da aka tarar ya fi haka sarƙaƙiya, takarda tana maƙalewa ne a wurare huɗu.

Dokar rajista ta 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, kyauta. Amma suna sai ran bakwai, mai jego kuwa ta bar asibiti tun kwana ɗaya ko biyu. Ana buɗe mata shafi babu sunan jariri, a ce uba ya dawo bayan suna, shi kuma ba ya dawowa, sau da yawa ma yana ci-rani. Wannan shi ne rami mafi zurfi. Na biyu, an cika sanarwar amma littafin bai tashi daga ƙauye zuwa meri ba, don babu wanda aka ba kuɗin mai, ko littafin ya cika ba a kawo sabo ba. Na uku, meri ta rubuta takardar, tana nan jibge cikin kwali shekara da shekaru, iyaye suna riƙe da guntuwar sanarwa suna zaton ita ce. Na huɗu haihuwar gida, inda ungozoma ba ta san akwai wanda za a faɗa wa ba.

Rami na uku ba ya buƙatar alƙali ko sisin kwabo, mutum kawai yake so ya zauna ya tsince kwalin gari-gari. An nemi izinin kantomomin da abin ya shafa, tunda su ke riƙe da ƙananan hukumomi tun rushe majalisunsu a Afrilu 2024. Biyu sun amince nan take, ɗaya ya ce a rubuto.

23 Disamba 2024

Gwajin wasa na farko, a ƙauyen B, bai yi kyau ba, kuma laifin tsarin ne. An yi amfani da salon nan da ya samo asali a Birazil, inda ake tsayar da wasa a tsakiyar rikici, a ce wa ƴan kallo wani ya fito ya karɓi matsayin ɗan wasa ya gwada tasa dabarar. Salon ya dace da dandalinmu, mutanen da suka saba da wasannin samariya da ƴan kama ba a koya musu tsoma baki. Ga abin da ya lalace.

An yi uban mugu, mai zare ido da son kuɗin sadaki. Kafin minti goma dattawa sun fara zamewa ɗaya-ɗaya, waɗanda kuma su ne ake son su tsaya. Ba wanda ya ga kansa a wannan uba. Uban gaskiya tsoro ne ke cinsa: kolej tana wani gari, yarinya za ta zauna gidan wanda bai sani ba, hanya ba tsaro, ga bakin mutane. Ɗan wasan barkwanci kuma ya cinye filin, aka tashi ana maimaita zancensa, ba mai tuna maganar takarda. Mafi muni, labarin ya yi kama da na wani gida a garin, har aka fara waiwaye ana nuni da baki. Wannan cutarwa ce ga yarinyar da aka ce ana karewa.

Gyara: kowane labari a haɗa shi daga gida uku na garuruwa daban, a sauya sana'ar uba da yawan ƴaƴa, kuma ba a nuna shi a garin da wani yanki nasa ya fito. Uba ya zama mutumin kirki da ke cikin tsaka mai wuya, matsin ya fito daga baffa da gwaggo. Barkwanci minti uku a farko don tara jama'a, daga nan ya koma gefe. Wasa minti 25, tattaunawa minti 40.

13 Janairu 2025

Sabon wasan ya zagaya ƙauyuka biyar. Inda ake tsayawa shi ne lokacin da daraktan lakwal ya ce wa uwa ba zai iya haɗa wa yarinya takardun jarrabawa ba sai da takardar haihuwa, baffa kuma ya ce to ai shi ke nan, Allah ya kawo miji. Nan mai jan zaren tattaunawa ke tafa hannu ya ce, "Iyayena, wa zai fitar da Inna daga nan?" Abin lura, wanda ya fi yawan fitowa ba matashi ba ne, tsohuwa ce, kuma dabarar da ta fi karɓuwa ita ce a je wa liman ko mai gari kafin a kai ga karɓar goro. Bayan an karɓi kayan, mayar da su abin kunya ne da ba uban da ke so.

Darasin da ya sauya tsarin duka: a ƙauyuka biyun farko an yi wasa, an tafa, an watse, sati guda babu wanda ya nemi komai. Daga na uku aka kafa tebur a gefen fili tun kafin a fara, da ma'aikacin rajista da kwalin takardun da aka tsinto na garin. Ana gama tattaunawa sanƙira ya fara kiran sunayen iyaye, ana miƙa wa kowa tasa a gaban jama'a. Wanda bai ji sunansa ba shi ke matsowa da kansa ya tambayi dalili, a nan take a rubuta ƴarsa cikin jerin masu jiran alƙali. Daga yau ba a sake yin wasa inda babu tebur.

Matan kulle ba sa zuwa dandali. Ƴan wasa mata uku suna shiga gida da hantsi, babu lasifika, da ƙwarya da tafi kawai, a taron ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara da suka faro a nan Maraɗi tun 1991. Tsari ne da ya riga ya kafu, suna da ranar zama da shugaba da akwati, ba sai an ƙirƙiro wani kwamiti ba. Kowace ƙungiya ta karɓi kati huɗu masu zane, an lulluɓe su da roba: jariri, ragon suna, littafin mai gari, takarda mai hatimi. An zana wata biyu a ƙasan na uku, kwana 60 ke nan.

Kayan aiki: lasifika mai batir ta fi janareto, don ƙararsa na cinye muryar ƴan kallo, su kuwa ake son a ji. Makirfo biyu, ɗaya na yawo cikin mata.

29 Janairu 2025

Yau ficewar Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata. An cire shafi ɗaya daga littafin horon masu sa kai, wanda ke bayanin kai ƙara kotun ƙungiyar a Abuja. Ta wannan kotu ce Hadijatou Mani ta yi nasara ranar 27 ga Oktoba 2008, aka ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, aka yanke mata diyyar sefa miliyan 10. Shari'ar tana nan cikin horon a matsayin tarihi, tare da dokar 2003 da ta sa bauta cikin manyan laifuka, don maganar wahaya, wato sayen yarinya baiwa a mai da ita mace ta biyar, ba ta yi nisa da tamu ba: yarinyar da hukuma ba ta san da ita ba ta fi sauƙin sayarwa. An faɗaɗa shafin hanyoyin cikin gida, daga darakta da kwamitin iyaye, zuwa kwamitin kare yara na gari, ma'aikatan kare yara na gunduma, har alƙalin yara.

10 Fabrairu 2025

An yi zaman kotun tafi-da-gidanka na farko, na ƙauyuka uku a wuri guda. Abin da ake buƙata ga kowace yarinya: uba ko uwa ko waliyyi, shaidu biyu manya da suka san haihuwar, da takardar da aka riga aka cika. Nauyin aikin shi ne man mota da abincin ayarin kotu da kwafe-kwafe. Ba a karɓi ko dala daga iyaye ba, kuma sanƙira ya faɗi haka tun jajibiri don kada wani ya tsaya a hanya yana karɓa da sunan taimako.

Abin da ya ci lokaci rubutun sunaye ne. Mutum ɗaya, katinsa na ɗan ƙasa ya ce Mahamane, rajistan lakwal ya ce Maman, gari kuma na kiran sa da laƙabi. Haka Haoua da Hawa, Aïchatou da Aïssa. Harafi guda ya bambanta tsakanin hukuncin alƙali da rajistan lakwal, ranar jarrabawa a dawo da takardun, gyaransa kuwa sai an sake komawa kotu. Ƙa'ida yanzu: sunan uba da na uwa daga katinsu ake kwafa harafi-harafi, sunan yarinya daga rajistan lakwal, a karanta wa iyaye da ƙarfi kafin a miƙa. Sunan yanka ake rubutawa, ba Lami ko Ladi ko Auta ba, kuma uwa ba za ta furta sunan ɗan fari ba saboda alkunya, don haka a tambayi gwaggo.

An kama wasu iyaye na son a rage wa yarinya shekara don ta daɗe a lakwal, wasu na son a ƙara. Duka biyun an ƙi. Jadawalin Nuwamba ne ya raba gardama.

Hukuncin alƙali ba shi ne ƙarshe ba, sai an kai shi meri an shigar a rajista an fitar da takarda. In aka bar wa iyaye wannan mataki, an koma rami na uku. Mutum ɗaya aka ɗora wa kai su gaba ɗaya da karɓowa.

24 Fabrairu 2025

Azumi saura kwanaki, kuma makonnin nan ne ake yawan ɗaura aure, don haka an juya ƙarfi wajen darektoci: duk yarinyar da ta yi kwana uku ba ta zo ba, a sanar da uwayen kwamiti a ranar, ba ƙarshen wata ba.

An naɗi wasan don rediyo, kashi huɗu, minti 12 kowanne, a saka bayan sallar asham. Wanda ya san doka ya saurari duka kafin a miƙa, tunda gyaran Yuni 2024 ya maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a, kuma sautin zai yi yawo a WhatsApp ko an so ko ba a so ba. An cire jimla biyu da za a iya ɗauka da wani ma'aikaci ake.

Saura: zaman kotu na ƙauyuka biyar, an sa shi bayan salla, amsar kantoma na uku, sabon littafin sanarwa ga ƙauyukan F da H, waɗanda nasu ya cika tun kaka, da komawa gida-gida cikin Mayu don a ga ƴan matan da suka karɓi takarda, nawa ne har yanzu ke cikin aji.